Ina Za Su Kwana? Shirin Faɗakarwa Kan Masaukin Marasa Matsuguni a Nguru da Gashuwa

  Ina gaida mutanen Nguru, na Hausari da Bulabulin da Tsohon Nguru. Ina gaida mutanen Gashuwa, na Katuzu da Zango da Sabon Gari. Ku ma na Machina da Jajimaji da Jakusko da Yusufari, idan muryata tana isowa gare ku, barkanku da gida.

Shirinmu na yau a kan mutumin da ba shi da wurin kwana ne. Rana ta faɗi, an yi sallar isha, kowa ya nufi ɗakinsa, shi kuwa yana tsaye yana dube-dube. Za mu duba su waye waɗannan mutane a garuruwanmu. Za mu duba abin da ƙungiyoyin sa-kai suke yi musu. Idan na ce ƙungiyar sa-kai, ina nufin ƙungiyar da ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta kasuwanci ba ce. Ba riba take nema ba. A ƙarshe kuma za mu zo kan abin da ya rage a wuyanmu, mu mazauna gari.

Magana ɗaya za ku ji ina nanatawa, ku riƙe ta tun yanzu. Masauki na gari aiki biyu yake yi: ya ba mutum rufi yau, ya kuma buɗe masa hanyar fita gobe. Rufi yau, hanyar fita gobe.

To, mu fara da kashi na farko. Su waye marasa matsuguni a nan?

Wani zai ce ai wannan matsalar ta manyan birane ce, irin su Legas da Abuja, inda ake kwana a ƙarƙashin gada. A'a. Tana nan a ƙofar gidanmu, kamanninta ne kawai suka bambanta.

Akwai wanda ruwa ya kora. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are suna haɗuwa ne kafin su iso Gashuwa, su zama kogin Yobe. Tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa fadama ce shimfiɗaɗɗiya. Ita take ba mu kifi da shinkafa da kiwo. Amma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, don haka idan ruwa ya taho da yawa, ba ya samun hanyarsa, sai ya bi ta gonaki da gidaje. Gidajenmu da yawa kuma na ƙasa ne. Ruwan sama na kwana biyu a jere ya isa ya kwantar da katanga. A shekarar 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da mutum miliyan 1 da gidajensu. Gashuwa da ƙauyukan Bade da Jakusko suna cikin wuraren da suka ji jiki. Ba sai na ba ku labari ba, da idonku kuka gani.

Akwai wanda rikici ya kora. A watan Afrilu na 2021, ana cikin azumi, 'yan bindiga suka shiga Gaidam. Bayan 'yan kwanaki suka shiga Kanamma. Sama da mutum 100,000 suka bar gidajensu. Wasu a mota, wasu a ƙafa, da goyo a baya da ƙunshin kaya a ka. Da yawansu Gashuwa da Nguru da Yusufari da Damaturu suka nufa.

Akwai kuma waɗanda ba a saka su a labarai. Matar da aka saka da dare, garin iyayenta da nisa, ba ta da kuɗin mota. Tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani suka daina aike. Mai taɓin hankali da yake kwana a rumfar kasuwa. Ɗan ci-ranin da ya sauka a tasha, aikin da aka yi masa alkawari bai samu ba. Da yaron da aka kawo karatun allo, wanda ɗakin kwanansa bai wuce gindin katanga ba, a cikin hunturun nan namu na arewacin Yobe da yake tsaga leɓe da diddige.

Yanzu ga tambaya. Duk mutanen nan da suka taho daga Gaidam, ina suka kwana? Mafi yawan waɗanda rikici ya raba da gidajensu a jihar Yobe ba a sansani suka zauna ba. A cikin gari suka zauna, a gidajen 'yan'uwa da abokan arziki, wasu ma a gidan wanda ba su taɓa gani ba. Wato babban masaukin marasa matsuguni a Nguru da Gashuwa shi ne zaurenka, malam. Shi ne ɗakinki, baba. Wannan gaskiya ce da ya kamata duk mai son yin aikin agaji a nan ya fara saninta.

Masu sauraro, mu shiga kashi na biyu, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Me ƙungiyar sa-kai take yi idan ta zo?

Mu ɗauki gida ɗaya mu duba. Maigida ɗan kasuwar kifi ne, yana da mata da 'ya'ya shida, ɗaki uku. Da la'asar aka yi sallama, ƙanwar matarsa ce da 'ya'yanta biyar da surukarta tsohuwa. Ba ya cewa komai sai sannu da zuwa. A daren aka mayar da samarin gidan zaure. Aka ƙara ruwa a miya. Mako na farko kowa yana haƙuri, ana jajanta wa juna. Mako na uku buhun geron da aka yi lissafin zai kai wata biyu ya yi ƙasa. Masai ɗaya ne a gidan, da asuba ana layi. Mai ruwa da yake kawo jarka huɗu, yanzu takwas ake saye. Uwargida ta fara yin shiru. Baƙuwar ta lura, ta fara rage wa 'ya'yanta tuwo don kada a ce sun cika ci. Babu wanda ya yi laifi a gidan nan. Nauyi ne ya fi ƙarfin mai ɗauka.

Ƙungiyar da ta san aikinta, a wannan gida take fara tsayawa. Da farko rajista. Ana rubuta sunan kowa, da shekarunsa, da garin da ya fito, da ko akwai mai juna biyu ko marar lafiya. Wasu suna gudun rajista, suna ganin tonon asiri ne. Kada ku guje ta. Wanda ba a rubuta ba, ba a san da shi ba, kuma rabo ba ya isa gare shi. Abin da za ku kula da shi ɗaya ne: rajistar agaji kyauta ce. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi kafin ya rubuta sunanku, ku kai maganarsa wurin bulama ko lawani.

Bayan rajista sai kayan rufi. Tampol, da katako, da ƙusa, da igiya, a kafa ɗaki a filin tsakar gida ko a kangon da mai shi ya ba da aro. Sai kayan zama: tabarma, bargo, gidan sauro, bokiti, jarka, tukunya, sabulu. Wani lokaci maimakon kaya ana ba da kuɗi a hannu, ko a biya wa iyali hayar ɗaki na wasu watanni. Ni a ganina wannan ya fi dacewa da gari irin Nguru ko Gashuwa, inda akwai kasuwa kuma akwai ɗakunan haya. Mace ta fi kowa sanin abin da 'ya'yanta suka rasa. Kuɗin kuma a kasuwarmu za a kashe shi.

Masu aikin agaji na duniya suna da ma'auni da suka amince da shi, kuma yana da kyau ku san shi, don ku san abin da za ku tambaya. Kowane mutum ɗaya yana buƙatar aƙalla murabba'in mita 3.5 na wuri mai rufi. Wato kusan shimfiɗar tabarma biyu. Kowane mutum yana buƙatar aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, na sha da girki da wanka. Iyali mai mutum biyar ke nan jarka uku mai cin lita 25, kullum. Masai ɗaya kuma kada ya wuce na mutum 20. Ku yi lissafi da kanku. Idan aka zuba mutum 200 a makarantar firamare, masai 10 ake buƙata. Makarantu nawa ne a garinmu suke da masai 10 masu aiki? Wannan ne dalilin da ya sa amai da gudawa yake bin bayan ambaliya. Ruwa ya tafi, ciwo ya zo.

Su wa suke wannan aiki? Ta ɓangaren gwamnati akwai hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da ta jiha, SEMA. Ta ɓangaren masu zaman kansu akwai ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda 'yan sa-kanta 'ya'yanmu ne na cikin gari. Akwai hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, IOM, wadda take ƙidayar waɗanda suka bar gidajensu a arewa maso gabas. Akwai 'yan agajin ƙungiyoyin addini, da ƙungiyoyin matasa na unguwa, da na mata masu adashi. Waɗannan na ƙarshe ba su da mota mai tambari, amma sau da yawa su ne suke riga kowa isa.

Akwai wani aiki na Red Cross da ba kowa ya sani ba, shi ne neman dangi. Idan gudu ya raba uwa da ɗanta, ana iya kai sunansa da kamanninsa, su bincika a wasu garuruwa, har ƙetaren iyaka, Nijar ko Chadi ko Kamaru. Ba a biyan ko sisi.

Duk wannan da na lissafa, rufin yau ne. To, ina hanyar fita gobe? A nan ne aikin da yawa yake tsayawa, kuma a nan ne raina yake ɓaci. Ana zuwa da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto, a jera tsofaffi a rana, a ɗauka, a watsa a Facebook, a tafi. Bayan kwana goma shinkafa ta ƙare, matar da ruwa ya kora tana nan a ajin makaranta, shugaban makaranta kuma yana son ajinsa don an koma karatu. Shi ma yana da gaskiya. Hanyar fita ita ce a taya ta gyara ɗakin da ya faɗi, da tubali mai ƙwari da harsashi mai tsayi, a wurin da ruwa ba ya kwanciya. Ita ce ɗan jarin ƙosai ko keken ɗinki. Ita ce a mayar da 'ya'yanta makaranta. Ita ce a sake yi mata katin shaidar da ruwa ya tafi da shi. Mai taɓin hankali kuma hanyar fitarsa asibiti ce da magani, sannan a nemo danginsa. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, akwai kuma asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri.

A nan dole in yi gargaɗi. Masauki ba kurkuku ba ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Bayan makonni kaɗan aka ga irin haka a Daura. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, da niyyar gyara. Don haka duk gidan da aka ce na taimako ne, amma ba a barin dangi su shiga, ba a barin hukuma ta duba, ana duka, ana ɗaurewa, ku nisance shi, ku kuma sanar da hukuma. A masauki na gari mata da yara suna da ɓangarensu, ƙofarsu tana da sakata ta ciki, akwai fitila a hanyar masai, kuma akwai macen da za a kai wa ƙara idan wani ya nemi yarinya da lalata a bakin kwanon abinci. Wannan yana faruwa, kuma shirunmu ne yake ba shi wurin zama.

Idan yanzu kuka kama mu, kuna sauraron shirin faɗakarwa ne a kan masaukin marasa matsuguni a Nguru da Gashuwa. Mun ce rufi yau, hanyar fita gobe. Ga kashi na uku: shin wannan aiki baƙo ne a wurinmu?

Ko kaɗan. A masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a Madina, akwai wani wuri mai rumfa da ake kira Suffa. A nan talakawan da suka yi hijira, marasa gida da dangi, suke kwana. Mutanen Madina suna rataye musu dabino a masallaci. Da dare ana rarraba su ga sahabbai, kowa ya tafi da wanda zai iya ciyarwa. A nan suke koyon karatu. Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, yana cikinsu, kuma bai dawwama a rumfar ba. Ya zama babban malamin hadisi, har ya riƙe gwamnan Bahrain a zamanin Sayyidina Umar. A cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ambata a matsayin masu cin zakka, akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa.

A al'adarmu ma haka. Zaure na baƙo ne. Fatake suna da zango, kuma suna da fatoma, mai saukar da su, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Har Kumasi da Accra Hausawa suka kai wannan tsari. Nguru kanta, tun da layin dogo daga Kano ya iso ta wajen 1930, gari ne da baƙi suka cika, masu gyaɗa da ƙaro da fata da shanu. Kakannin da yawa daga cikinmu a zauren wani suka fara kwana a garin nan.

A zamaninmu ma akwai abin koyi. A Karachi ta ƙasar Pakistan, Abdul Sattar Edhi ya fara da ɗan ɗakin shan magani a 1951. Kafin rasuwarsa a 2016, gidauniyarsa tana da gidajen marayu da na tsofaffi da na matan da ba su da wurin zuwa, da ɗaruruwan motocin ɗaukar marasa lafiya, kuma da sadakar jama'ar gari aka gina su. Kusa da mu, a Maiduguri, lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu ta Future Prowess a 2007 da yara 36. Ya karɓi 'ya'yan waɗanda rikici ya kashe daga kowane ɓangare, ya kuma taimaka wa iyayensu mata da sana'a. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Ƙasar Finland kuwa, daga 2008, ta sauya tsari gaba ɗaya. Ta daina cewa mutum ya gyaru tukuna kafin a ba shi ɗaki. Sai a fara ba shi ɗaki nasa, sannan a bi da magani da neman aiki. Yawan masu daɗewa a titi ya ragu ƙwarai. Dalilin a fili yake. Wanda bai san inda zai kwana ba, ba ya iya riƙe magani, ba ya iya riƙe sana'a.

Mun zo kashi na ƙarshe, wanda ya shafe ni ya shafe ku.

Ƙungiyoyin waje suna zuwa da wa'adi. Kuɗinsu na ƙarewa, su naɗe tabarmarsu. Damina kuwa kowace shekara tana dawowa, hunturu ma haka. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da nake ganin Nguru da Gashuwa suke buƙata shi ne masauki na dindindin, na al'umma, wanda aka tsayar a kan wakafi. Wakafi shi ne mutum ya tsayar da dukiya saboda Allah, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta ne kawai ake ci. Ba sai babban gini ba. Ɗaki huɗu a kan tudu, biyu na mata biyu na maza, da rijiya ko famfo, da masai wadatattu. A haɗa shi da shago biyu ko gona ɗaya da za su riƙa biyan sabulu da hatsi da albashin mai gadi. A jihar Sakkwato akwai hukumar zakka da wakafi da take tattara irin wannan dukiya, don haka ba sabon abu za mu ƙirƙiro ba.

Amma a yi shi da tsari. Kwamiti ya ƙunshi liman, da bulama, da ma'aikacin lafiya, da mata aƙalla biyu. A yi rajista da hukuma. A buɗe littafin shiga da fita na kuɗi, a riƙa karanta shi a bainar jama'a. Amana tana lalacewa ne a inda mutum ɗaya yake riƙe da kuɗi da littafi da makulli. Duk wanda aka saukar kuma, tun ranar farko a zauna da shi a tambaye shi: me zai mayar da kai gidanka, ko ya kai ka naka ɗakin?

Kafin a kai ga gini, akwai abin da ba ya jiran kowa. Ranka ya daɗe bulama, ka san gidajen unguwarka da suke riƙe da baƙi. Ka rubuta su, don idan agaji ya zo a haɗa da mai masauki, kada a ba baƙo a tsallake wanda rumbunsa ya ƙare saboda baƙon. Alhaji mai kangon gida a kulle, ka ba da aronsa na wata shida, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu don hankalinka ya kwanta. Malam mai almajirai, ka ƙidaya yaranka, ka ƙidaya barguna, abin da ya gaza ka faɗa wa iyayensu da maƙwabta tun sanyi bai shigo ba. Iyayenmu mata, ku ne kuka san matar da take kwana a kicin ɗin wata, kun san wadda kunya ta hana ta magana. Ku kai sunanta inda ya dace, a asirce. Matasa masu waya a hannu, kada ku ɗauki hoton mabuƙaci sai da izininsa.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya cim mana. Roƙona ɗaya ne. A wannan Juma'ar, bayan an sallame, a samu mutum ɗaya a kowane masallaci a Nguru da Gashuwa ya miƙe ya tambaya: a unguwar nan, su wa ba su da wurin kwana, kuma wane gida ne yake ɗauke da baƙin da suka fi ƙarfinsa? A rubuta sunayen a ranar, a naɗa wanda zai bi su kafin wata Juma'ar. Allah ya ba mu ikon yi.